Ina sana'ar kaina a Ingila, samuna yau da akwai gobe babu: shin ina da haƙƙin tallafin gwamnati?

Wani magidanci da ke zaune a Ingila ya aiko da tambaya. Sana'arsa kai wa mutane kaya da motarsa, babu wanda ya ɗauke shi aiki. Gidan haya suke, matarsa tana gida da 'ya'ya uku, autan shekararsa biyu. Wani watan yakan tashi da fam 2,000, wani watan kuma ko 700 da ƙyar. Wasu abokansa sun ce masa mai sana'ar kansa ba ya samun komai daga gwamnati, wasu kuma sun ce idan ya nema zai ɓata takardunsa. Yana so ya san gaskiyar magana.

Malam, waɗanda suka ce mai sana'ar kansa ba ya samun komai sun yi kuskure. Waɗanda suka ja maka kunne kan takardu kuwa akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, kuma da ita zan fara, domin idan ba a warware ta ba duk sauran bayanin ba zai amfane ka ba.

Buɗe shafin intanet da ke nuna matsayin zamanka a ƙasar, ko ka ɗauko wasiƙar da aka ba ka biza da ita. Idan ka ga an rubuta "no recourse to public funds", ma'anarsa an hana ka cin tallafin da ake biya daga baitulmali. Universal Credit yana cikinsu, kuɗin yara na Child Benefit ma haka. Wanda ke da wannan sharaɗin ya je ya karɓa, ya saɓa ƙa'idar bizarsa, kuma abin zai iya dawo masa ranar da ya je sabunta ta ko neman izinin zama na dindindin. Idan kuwa kai ɗan ƙasa ne, ko kana da izinin dindindin, ko an ba ka matsayin ɗan gudun hijira, to ƙofar a buɗe take. Gidan da miji yake da izini matar kuma tana da wancan sharaɗin, ko akasin haka, mai izinin shi zai nema a matsayin mutum ɗaya, amma duk da haka za a lissafa samun ɗayan da ajiyarsa. Irin wannan gidan ina roƙonsu su ga mai ba da shawara kan shige da fice kafin su taɓa komai. Ko mai wancan sharaɗin ma ba a bar shi a tutar babu ba: masu bizar iyali za su iya neman a ɗage musu shi idan sun shiga matsanancin hali, kuma sashe na 17 na dokar yara ta 1989 ya ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin taimakon yaron da ke cikin buƙata.

Zan ci gaba a kan cewa takardunka sun ba ka dama.

Babban tallafin da ya shafe ka shi ne Universal Credit, wanda ma'aikatar ayyuka da fansho, wato DWP, take biya. An kafa shi da dokar 2012, aka fara aiki da shi a 2013, ya haɗe tallafi shida da a da ake nema daban-daban. Wata-wata ake biyansa, kai da maiɗakinka kuma tare za ku nema. Yadda ake lissafinsa ba wuya a fahimta: a tara abin da gidanku ya cancanta, wato kason ma'aurata, kason yara, da taimakon kuɗin haya, sannan a rage wani abu gwargwadon abin da kuka samu a wannan watan. Tun da kuna da yara, akwai wani adadi na samunka da ba a taɓawa. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 adadin fam 411 ne a wata ga masu karɓar taimakon haya, fam 684 ga waɗanda ba sa karɓa. Abin da ya haura wannan, a kowane fam ɗaya ana rage kwabo 55 daga tallafin, fam ɗaya kuwa kwabo 100 ne. Kafin Nuwamban 2021 kwabo 63 ake ragewa. Adadin da ba a taɓawa yakan sauya a watan Afrilu, don haka ka duba na shekarar da kake ciki.

Har nan kai da ma'aikacin albashi duk ɗaya kuke. Inda hanya ta rabu shi ne wani ma'auni da suke kira Minimum Income Floor, kuma a kansa nake so ka tsaya sosai, domin shi ne yake kayar da yawancin masu sana'ar kansu da suka zo wurina.

Bayan ka shigar da buƙata za a kira ka ofishin Jobcentre, wato ofishin DWP na yankinku, jami'in da ke riƙe da fayil ɗinka ya tantance ko sana'arka ita ce babban aikinka, ko tana da tsari, ko kana yin ta a kai a kai, ko kuma ana sa ran riba a cikinta. Idan ya gamsu, to ba za a matsa maka ka je neman aikin albashi ba, wannan alheri ne. Amma daga nan gwamnati za ta ɗauka cewa kana samun aƙalla abin da ma'aikaci mai mafi ƙarancin albashi yake samu, ko ka samu ko ba ka samu ba. Yawanci sa'o'i 35 a mako ake ɗora wa mutum. Mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama daga Afrilun 2025 zuwa Maris 2026 shi ne fam 12.21 a sa'a. Idan ka buga lissafin zai ba ka kusan fam 1,850 a wata, a cire abin da ya kamata ya tafi haraji da inshorar ƙasa (National Insurance, kuɗin da masu aiki suke biya don fansho da wasu tallafi), ya rage wajen fam 1,640. Wannan shi ne ma'auninka a lissafin wannan shekarar.

Mu ɗauki watan nan naka na fam 700. Da za a bi ainihin abin da ya shigo hannunka, sai a cire 411, ya rage 289, a ɗauki kwabo 55 a kowane fam, ragin bai kai fam 160 ba. Amma da wannan ma'aunin za a yi kamar ka samu 1,640, ragin ya tashi kusan fam 676. Bambancin ya haura fam 500, kuma a watan da ka fi kowane wata buƙata. Watan da ka samu 2,000 kuwa ba a komawa kan ma'aunin, da 2,000 ɗin za a yi lissafi. Wato watan da kasuwa ta yi kyau a bi gaskiyar samunka, watan da ta faɗi a bi ƙiyasi. Ni a ganina wannan ba adalci ba ne. Mutum biyu za su iya samun kuɗi daidai wa daida a shekara, ɗaya albashi ɗaya sana'a, amma mai sana'ar ya tashi da tallafin da bai kai na ɗan'uwansa ba, laifinsa kawai samunsa yana hawa da sauka. Gwamnati tana cewa ta yi haka ne don kada a riƙa ɗaukar nauyin sana'ar da ba ta ciyar da mai ita, da kuma toshe ƙofar ɓoye samu. Hujjar tana da ma'ana, sai dai lissafin wata-wata bai dace da yadda sana'a take tafiya ba. A lokacin annobar korona an dakatar da ma'aunin daga Maris 2020, aka dawo da shi a Agustan 2021.

To ina mafita? Ta farko ita ce shekarar farawa. Wanda aka tantance a karon farko ana ba shi wata 12 da ba a ɗora masa ma'aunin, da ainihin samunsa ake lissafi, muddin yana nuna yana ƙoƙarin bunƙasa sana'ar kuma yana zuwa ganawar da ake kiransa duk bayan wata uku. Tun 2020 ba sai sana'ar sabuwa ce ba, ko ka shekara biyar kana yin ta za ka iya samun wannan sauƙin idan ba a taɓa ɗora maka ma'aunin a kanta ba. Ka tambaya da bakinka ranar ganawar farko, kuma ka nemi a rubuta maka ranar da shekarar za ta ƙare. Na ga gidajen da ba su san ta ƙare ba sai da suka ga kuɗin wata ya zo rabi.

Ta biyu, ma'aunin ba kowa ake ɗora wa ba. Mai larurar da aka tabbatar ta rage masa ƙarfin aiki, mai jinyar naƙasasshe, da wanda shi ne babban mai renon yaron da bai kai shekara uku ba, duk ba ya hawa kansu. Saboda haka idan maiɗakinka tana wata 'yar sana'a a gida, a yanzu da ainihin ribarta za a yi lissafi, amma dole a bayyana ta. Idan autanku ya cika uku lamarin zai sauya, sai dai sa'o'in da za a ɗora mata ba za su kai 35 ba. Sa'o'in nan kuma ba saukakku ba ne daga sama: idan kana da rashin lafiya ko wani nauyin kula da wani, ka faɗa, a rage su, ma'aunin ya sauko. Haka kuma idan ɗayanku yana aikin albashi kuma yana samun abin da ya haura nasa ma'aunin, rarar tana rage wa ɗayan nauyi.

Idan shekarar farawa ta ƙare kuma ka ga yawancin watanni ba ka kai ma'aunin, ka zauna ka yi wa kanka lissafi na gaskiya. Wasu sukan haɗa da aikin albashi na 'yan kwanaki a mako, domin albashin yana shiga cikin abin da ake auna wa da ma'aunin. Wasu kuma sukan nemi a sake duba ko har yanzu sana'ar ce babban aikinsu.

Sai maganar rahoton wata, wadda take kamar ƙarama amma ita ce take riƙe da komai. Ma'aikacin albashi kamfaninsa ne yake aika bayanin samunsa ta hannun hukumar haraji. Kai kuwa da hannunka za ka shiga shafinka na Universal Credit a intanet duk ƙarshen watan lissafi ka rubuta abin da ya shigo da abin da ka kashe a kan sana'a. Ana buɗe maka daga kwana 7 kafin watan ya ƙare zuwa kwana 14 bayansa. Ko sisi ba ka samu ba sai ka rubuta cewa ba ka samu ba, in ba haka ba kuɗin zai tsaya. Abin da ake bi shi ne ranar da kuɗi ya shiga hannunka, ba ranar da ka yi aikin ba. Aikin da ka yi a Maris aka biya ka a Mayu, samun Mayu ne.

Wata baiwar Allah mai ɗinki ta taɓa zuwa wurina da jaka cike da rasit, wasu sun koɗe har rubutun ya ɓace, na zare da na yadi da na gyaran keke duk a cakuɗe. Wata shida tana rubuta duk abin da masu kaya suka biya ta a matsayin samu, ba ta taɓa cire ko kuɗin allura ba, don ba ta san ana cirewa ba. Muka baje su a kan tebur muka ware wata-wata, sai ga shi kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da take kira samu kuɗin kayan aiki ne. Ta yi shiru tana kallon takardun, sannan ta ce ita tsoronta kada a ce ta yi ƙarya. Wannan tsoron na san shi a wurin mutanenmu da yawa, kuma yana sa su bar haƙƙinsu. Faɗin abin da ka kashe a kan sana'a ba wayo ba ne, doka ce ta tanade shi.

A taka sana'ar babban abin cirewa shi ne mota. Ga ƙaramar mota ba a karɓar rasit ɗin mai da na gyara ɗaya bayan ɗaya, ƙayyadadden kuɗi ake bi: kwabo 45 a kowane mil na mil 833 na farko a wata, kwabo 25 a abin da ya biyo baya. Idan ka yi mil 1,200 na aiki a wata, za ka cire kusan fam 467. Saboda haka ka ajiye ɗan littafi a motar, kullum ka rubuta lambar da mita ta nuna da safe da wadda ta nuna da ka tashi aiki. Kason wayarka da ya tafi a kan aiki ana cirewa, haka harajin da ka biya a wannan watan, da kuɗin inshorar ƙasa, da abin da ka zuba a asusun fansho. Idan wani watan ka yi asara, tun 2018 ana ɗaukar ta a kai watan gaba. Kuma wannan rahoton daban yake da na hukumar haraji ta HMRC, wanda ake yi sau ɗaya a shekara, wa'adinsa 31 ga Janairu. Kada alƙaluman biyu su yi hannun riga da juna.

Akwai kuma ajiya. Abin da bai kai fam 6,000 ba ba a kallonsa. Daga 6,000 zuwa 16,000 ana rage fam 4.35 a wata a kan kowane fam 250. Ya haura 16,000, babu tallafin gaba ɗaya. Taku ku biyu ake haɗawa. Gidan da kuke ciki da kayan sana'arka ba sa cikin lissafi, amma fili ko gida ko asusun banki da ke wata ƙasa suna ciki, haka kuɗin adashi idan ka kwasa. Na san wannan yana yi wa mutane nauyi, musamman gadon da ba a raba ba, amma a bayyana shi a bar su su ƙiyasta ya fi a ɓoye. Wanda ya rabar da kuɗinsa da gangan don ya sauko ƙasa da iyaka, ana iya lissafa masa su kamar suna nan. Duk kuɗin da aka biya ka fiye da ƙima kuma sai an karɓe shi, ko da kuskuren daga ofis ne. Tafiya ma haka: fita ƙasar har wata ɗaya ba ta yanke tallafi idan ka sanar kafin ka tafi, ana iya ƙara wata ɗaya idan rasuwar makusanci ce, amma zaman wata uku ba tare da sanarwa ba bashi ne kake tara wa kanka.

Game da yaranku uku, Child Benefit daban ake nemansa a wurin HMRC, ba ruwansa da irin aikinka, ba ruwansa da yawan yara. A 2025 zuwa 2026 fam 26.05 ne a mako ga babba, fam 17.25 ga kowane na bayansa, kuma ba a fara karɓe shi ta hanyar haraji sai samun ɗayanku ya haura fam 60,000 a shekara. Shawarata a sa sunan maiɗakinka, domin wanda yake karɓa wa yaron da bai kai 12 ba ana rubuta masa shekarun inshorar ƙasa ko ba ya aiki. Cikakken fanshon gwamnati yana buƙatar shekara 35, mafi ƙaranci 10, kuma mata da yawa sun tsufa sun tarar da giɓi saboda an sa sunan miji. Wata uku kacal ake komawa baya a biya, don haka jinkiri asara ne. A cikin Universal Credit kuma, tun 6 ga Afrilun 2017 aka daina biyan kason yaro na uku da aka haifa daga wannan ranar, dokar da ta jefa manyan gidaje cikin ƙunci. A kasafin kuɗin Nuwamban 2025 gwamnati ta sanar da soke ta daga Afrilun 2026. Ka duba takardar biyanka ka tabbata yara uku aka lissafa. Idan wata rana ku biyun kuna aiki, ana mayar muku da har kashi 85 cikin 100 na kuɗin gidan reno mai rajista, sai dai ku za ku fara biya. Ragin harajin gida na kansul kuma ba ya zuwa da kansa, a ƙaramar hukumarku ake nemansa, kuma mutane da yawa suna mantawa da shi.

Abin da ba ka da shi ma gara ka san shi tun yanzu. Kuɗin jinya da kamfani yake biyan ma'aikacinsa idan ya kwanta ciwo, babu shi ga mai sana'ar kansa. Kuɗin hutun uba idan an yi haihuwa ma babu. Abin da ke tsaya maka idan ciwo ya hana ka aiki shi ne New Style ESA, shi kuma ya dogara da inshorar ƙasa ta shekarun baya-bayan nan. Tun Afrilun 2024, wanda ribarsa ta shekara ta kai wani ƙaramin adadi, fam 6,845 a 2025 zuwa 2026, ana ɗauka ya biya kason masu sana'a ko bai fitar da komai ba. Wanda ribarsa ba ta kai ba kuwa, yana iya biya don raɗin kansa, fam 3.50 a mako a wannan shekarar. Ban san wata inshora mai arha kamar wannan ba, kuma ita ce take ba mace mai sana'ar kanta damar samun cikakken kuɗin haihuwa na Maternity Allowance har mako 39, maimakon fam 27 a mako.

Idan aka yanke hukuncin da ba ka yarda da shi ba, ko kan ma'aunin ne ko kan wani kashe kuɗi da aka ƙi karɓa, kana da wata ɗaya ka nemi a sake dubawa. Ka rubuta buƙatar a shafinka don ta zama shaida, kada ka tsaya a maganar waya. Idan ba su sauya ba, sai ka ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron ƙorafi mai zaman kanta, kuma ba a biyan ko kwabo. Ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice suna taimakawa kyauta tun daga cike buƙatar farko, shafukan Turn2us da entitledto kuma za su ƙiyasta maka abin da za ka samu ba tare da ka ba da sunanka ba. Idan Turancin ofis yana yi maka nauyi, ka nemi tafinta, haƙƙinka ne.

Ranar ganawar farko ka tafi da lambar harajinka ta masu sana'a, bayanan banki na 'yan watannin baya, takardun biyan da kamfanonin da kake kai wa kaya suke turo maka, inshorar motar, yarjejeniyar haya, da takardun haihuwar yara. Kuɗin farko yana ɗaukar kusan mako biyar kafin ya shigo. Za ka iya karɓar rance a kansa idan gida ya matsu, ana cirewa kaɗan-kaɗan har wata 24, amma ka karɓi iya abin da zai kai ku. Lissafi kuma yana farawa ne daga ranar da ka tura buƙatar, ba daga ranar da samunka ya faɗi ba, komawa baya sai da ƙwaƙƙwaran dalili kuma ba ya wuce wata ɗaya. Wannan ranar ce za ta zama farkon watan lissafinka har ƙarshe, don haka idan ka san akwai wani babban biya da zai shigo maka cikin kwana biyu ko uku, ka bari ya shigo tukuna, washegari ka tura.